Saƙon Alwala ta Kasuwar Goronyo

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da hakan ke nufi: mahaifiyata ba ta kiran sunana. Ba ta kira shi ina jaririya ba, ba ta kira shi ranar da za a kai ni ɗakin miji ba, har furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabina ba ta kira shi ba. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni zuwa Rabah, can na girma, ita nake ce wa Inna. Mahaifiyata kuwa tana Giyawa, kuma Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta, ba kuma wanda ya taɓa gyara mini.

In na je Giyawa hutu, Adda tana da hanyarta ta yi mini magana. Ba za ta dube ni ta ce ga tuwo ba. Sai ta dubi ƙanena, ko kaza in babu mutum kusa, ta ce, "A ce ma mutanen Rabah tuwo na hucewa." Ni kaɗai ce mutanen Rabah. Ina yarinya abin yana ba ni dariya. Da na yi wayo yakan sosa mini rai, musamman in na ji yadda take jan sunan ƙannena da daɗi tun daga bakin murhu. Daga baya na saba. Na zama malamar firamare, na yi murya irin ta masu tsawata wa aji, kuma nawa ɗan farin tun daga ƙarshen layi nake ƙwala masa kira. Ranar da Adda ta fara jin haka sai da ta rufe baki da gefen mayafi, ta gaya wa bango cewa boko ta ɗebe wa mutane kunya.

Shekarar da nake ba da labari, bayan an gama kwashe albasa, hawan jini ya kwantar da Adda. Autanmu, wanda ke sayar da albasa a kasuwar Goronyo, shi ya ɗauko ta a mota zuwa wani asibiti da ke ɓangaren Wurno, aka ba ta gado a ɗakin mata. Nan aka tsaya neman mai jinya. Ƙanwata ɗaya tana jego, ɗayar tana aure can nesa, maza kuwa ba a barinsu zama a ɗakin. Aka duba aka duba, babu kowa sai mutanen Rabah. Na ɗauki tabarmata da buta da kwanuka na taho.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin wata gajeriyar mata ce mai faɗi, kowa Sista yake ce mata, tana tafiya kamar wadda aka aika kuma aka ce kada ta daɗe. Ita ta tsaya a kanmu ta yi bayani. Maganin da ake ba Adda yana saukar da jini, in ta miƙe da sauri jiri zai ɗebe ta. Ƙashin tsofaffi kuma ba ya yafiya, in ƙugu ya karye a wannan shekarun, da yawa ba sa sake taka ƙasa. Don haka in za ta sauko, ta fara zama a bakin gado ta huta tukuna. Ta ɗaura zane sama da idon sawu. Silifas ɗinta da gindinsa ya cinye ya yi sulɓi, Sista ta ɗaga shi da yatsu biyu ta miƙo mini ta ce kada ta sake ganinsa. Ta taka wani ƙarfe ta kulle ƙafafun gadon, don gadon asibiti taya gare shi, ta ɗaga shingen ƙarfe na gefe da gefe, sannan ta ɗaura wani jan ƙyalle a kan gadon, alamar cewa mai wannan gado ba a barinta ta tashi ita kaɗai.

Adda ta dubi shingen, ta dubi jan ƙyallen. Ta ce, "To. An sa ni garke, an kuma ɗaura mani alama. Saura mai saye."

Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mama, babbar dokar ita ta wagga: ko ruwa za ki sha in dai sai kin sauka, ki kira mai jinyarki. Kin ji? Ki kira ta. Mi as sunanta?"

Adda ta ɗaga kai tana nazarin fankar da ke juyawa a sama, kamar yau aka ƙirƙiro fanka. Ni na faɗi sunana da kaina. Sista ta dube ni, ta dubi Adda, ta ce, "Ɗiyar fari ta?" Na ce eh. Ta sauke numfashi ta ce Allah ya ba ta haƙuri da mutanenmu, ta wuce gado na gaba.

Ni a ganina abin mai sauƙi ne: in zauna kusa da ita, ba sai ta kira ba. Na shimfiɗa tabarma a gindin gado. Sai Adda ta juya wa duniya baya, ta fuskanci bango. Na kawo kunu, ba ta sha ba, don ba za ta ci abinci ina kallo ba. Barci ma ya gagara, tana kwance a sandare kamar baƙuwa a gidan surukai. Da aka zo awon jini ya ƙi sauka, Sista ta janye ni gefe ta ce, "Malama, ke ta hawan jinin. Koma baranda." Haka na kwashe tabarmata na koma baranda cikin sauran masu jinya, jikin tagar da ke kusa da gadonta, inda zan ji motsinta ba tare da ta ga fuskata ba.

Saura yadda za ta kira. Da farko ta gwada gyaran murya, wanda a gida shi ne sallamarta gare ni. Amma a ɗakin da rabin mutanensa tari suke yi, gyaran murya ba ya zuwa ko'ina. Nakan shigo a guje in tarar wata tsohuwa ce ta ƙware da ruwa, in kuma na zauna sai in leƙa in ga Adda ta riga ta zura ƙafa ɗaya ta ƙarshen shinge. Sista ta kawo shawarar cokali da kwano, in tana so na ta ƙwanƙwasa. Adda ta ce ita ba ta kiran mutum da kwano, ba kaji take kiwo ba. Na ce to ta ce "ke" kawai, ai "ke" ba suna ba ne. Ta gaya wa matashin kai cewa akwai mutanen da ba su san kara ba.

Ita da kanta ta samo mafita, kuma har yau in na tuna sai na yi dariya. Washegari da hantsi ina zaune a baranda ina tsince zogale, wayata ta yi ƙara. Auta ne daga Goronyo, ina jin hayaniyar masu lodin buhuna a bayansa.

Ya ce, "Yaya, kina ina?"

Na ce ina asibiti mana, ina zan je.

Ya ce, "To Adda tac ce a ce ma mutanen Rabah ana son alwala."

Na leƙa ta taga. Ga Adda kwance, 'yar wayarta mai madannai a kan ƙirji, idonta a kan fanka. Tsakanina da ita bango ne kawai, da na miƙa hannu ta taga sai in taɓa ƙafarta. Amma saƙon sai da ya tafi Goronyo, ya ratsa rumfar albasa, sannan ya dawo ya same ni.

Na shiga, na sauke shinge. Na tsaya ta zauna a bakin gado, muka jira jirin ya wuce, ni ina kallon ƙofa ita tana kallon taga. Da za mu tafi makewayi ba ta kama hannuna ba. Gefen hijabina ta riƙe da 'yan yatsu, ni kuma na sa hannu a bayanta ba tare da na taɓa ta sosai ba, muka tafi a haka kamar masu ɗauke da tire cike da ƙwai.

Tsarin ya zauna. Auta ya zama ma'aikacin asibiti ba albashi. Yana cikin ciniki sai ya ce wa mai saye ya dakata, ya kira ni: ana son ruwa, ana son a juya matashi, ana son makewayi. Labari ya bazu a ɗakin mata. In wayata ta yi ƙara, masu jinya a baranda sukan haɗa baki su ce, "Goronyo na kira!" Sista ta ce ita dai tunda ba a sauka ba kira, ko ta Makka saƙon zai bi ba ruwanta. Ni ma, gaskiya, na saki jiki. Jinin ya fara sauka, Adda ta fara cin abinci, har tana ba maƙwabciyarta labarin yadda ake gyara daddawa.

Maƙwabciyar nan tata wata tsohuwa ce daga Marnona. Ita a gida ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya karye, kuma tun kafin mu zo take kwance a gadon nan. Ba ta iya ko juyawa. 'Yarta ce ke juya ta, ta goge mata jiki, ta sa mata fo a ƙarƙashi, ta kewaye gadon da zane in za a yi hakan. Bakinta dai lafiyarsa ƙalau, duk abin da ya faru a ɗakin sai ta yi sharhi a kai.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne ranar kasuwar Goronyo. Ranar nan Auta ba ya jin ko kiran sallah sai an taɓa shi, balle waya a aljihu cikin wannan hayaniya. Ni kuma ban tuna ranar kasuwa ce ba, don a asibiti ranaku duk kamarsu ɗaya. Bayan azahar na ga Adda ta yi barci, sai na ɗauki kwanuka na tafi bakin famfo, wayata a ƙugu, hankalina kwance. Ashe ta farka da matsuwa. Ta kira Auta, ta sake kira, ba a ɗauka ba. Famfon yana daidai bayan ɗakin, tana jin muryata ina hira da wata mai jinya. Maƙwabciyarta tana barci, 'yar ta fita sayen magani, mai shara kuma ta gama goge ɗakin ke nan, tayil yana ta ƙyalli.

Salatin tsohuwar Marnona na ji. Na watsar da kwanuka na shigo a guje, har ni ma na kusa zamewa. Na tarar da Adda zaune daɓas a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, hannu biyu riƙe da ƙarfen gado. Ta sulalo ta ƙarshen gadon inda shinge bai kai ba, ƙafa ta taɓa jiƙaƙƙen tayil, jiri ya ƙarasa sauran. Da ba a kulle tayoyin gadon ba, da ya gudu ya bar ta ta bugu da ƙeya. Kallabinta ya faɗi, kanta fari fat, kuma ban taɓa ganin kan Adda a buɗe ba sai ranar. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Sista ta hana a ɗaga ta sai da ta lallatsa ƙugun, ta sa ta motsa yatsun ƙafa. Aka ɗora ta a keken marasa lafiya aka kai ta hoto. Duk tsawon jiran nan ina tsaye a bakin ƙofa ina karanto duk addu'ar da na iya, ina kuma shirya faɗan da zan yi. Allah ya rufa asiri, ƙashi bai taɓu ba, sai gwiwar hannu da ta kumbura da wani baƙin tabo a cinya. Likita ya ce sa'a ce, kuma kada a sake gwada ta.

Da aka mayar da ita gado aka ɗaga shinge, ban koma baranda ba. Na tsaya a kanta, na yi abin da ban taɓa yi ba, na dube ta ido cikin ido. Na ce, "Adda, kina jin muryata a bakin famfo. Kin gwammace ki karye da ki kira ni? Mi na yi maki? Sunan ga zagi na?" Muryata ta malaman firamare ta ƙi fita yadda na so, ta karye a tsakiya. Adda ta ja mayafi ta rufe fuska. Na fita na zauna a baranda na yi kukana, masu jinya suka yi kamar suna tsintar shinkafa.

Ta taga na ji tsohuwar Marnona ta ɗauki magana, ba ta kuma rage murya ba.

Ta ce, "Ke 'yar'uwa, dube ni nan. Wagga da ka juya ni, ita ma ɗiyar fari ta. Ban taɓa cin abinci gabanta ba. Yanzu ita ka wanke ni, babu inda ba ta gani ba. In kin karye, wa kika tsammani za ya sa maki fo? Mutanen Goronyo? Waccan dai da kika jin kunya, ita ta. To ki zaɓa. Ko ki buɗe baki, ko a buɗe maki zane."

Da yamma Auta ya ga kiran da ya rasa, ya taho a kan babur hankali tashe, yana warin albasa, yana rantsuwa daga yau zai ɗaura wayar a kunne. Sista ta ce masa ya koma kasuwarsa, an sallame shi daga aiki. Ta karɓi wayar Adda ta miƙo mini. Ta ce daga yau saƙo ba ya fita daga ɗakin nan, in kuma aka sake sauka ba kira, za ta dawo da tabarmata gindin gado, jini ya hau in ya ga dama.

Washegari muka wuni ba mai ce wa wani komai. Ni ce nake leƙawa a kai a kai, in na ga alamar tana son wani abu in shiga ba tare da an kira ba. Ita kuma ta rage shan ruwa don kada ta buƙaci tashi, na lura, na kuma ƙara jin haushi. Wajen la'asar na wanke zannuwanta na tafi shanya a igiyar da ke can gefen baranda. Ina cikin yarfa zane na ji an kira wani suna.

Ban waiga ba. Sunana ne, amma ba yadda kowa ke faɗinsa ba. A Rabah an gutsure shi tun ina ƙarama, a makaranta Malama ce, a gidana kuma maman wane. Wannan cikakkensa aka faɗa, har da ƙarshensa da kowa ke yarwa, yadda liman ya raɗa shi. Kuma muryar ban san ta da wannan kalma ba, sai na ɗauka wata ake kira. Aka sake faɗa, a hankali, kamar mai taka tayil ɗin da aka goge. Wata mai jinya ta taɓa ni ta ce, "Malama, ba Goronyo ba ta. Cikin ɗaki na."

Na shiga da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa. Adda tana zaune a tsakiyar gado, shinge a ɗage yadda aka bar shi, ƙafafunta duka biyu a kan katifa. Ta riga ta gyara ɗaurin zane sama da idon sawu. Fuskarta tana wajen bango, kunnuwanta kaɗai nake gani. Tsohuwar Marnona, wadda ba a taɓa rufe bakinta ba, ta ja bargo har hanci.

Adda ta ce wa bango, "An ce a kira. To an kira."

Na sauke shinge. Ta zuro ƙafafu ta zauna a bakin gado, muka jira jirin ya wuce. Na sa mata sabon takalmin roba mai kaushin gindi. Na matso da gefen hijabina inda za ta kama kamar kullum, sai ta wuce shi ta kama damtsena. Hannunta ba nauyi, amma riƙon da ƙarfi. Rabon da fatarta ta taɓa tawa haka, ina jin tun ranar da kakata ta kwance ni daga bayanta.

Muka bi tsakanin gadaje a hankali, buta a ɗaya hannuna. Sista tana rubutu a teburinta, ta ɗago ta gan mu, ta mayar da kai ƙasa da sauri. Mun kusa ƙofar makewayi Adda ta tsaya ta huta. Ba ta dube ni ba. Ƙofar ta duba, ita ta yi wa magana.

Ta ce, "Sunan ga ni naz zaɓe shi. Gwaggona nar roƙa ta kai ma maza masu raɗin suna, anka ce ita taz zaɓe shi. Tun ina budurwa nika son shi." Ta gyara riƙo. "Ban dai samu hwaɗinai ba."

Na tsaya riƙe da buta, hawaye na zuba, ba hannun sharewa.

Ta ce, "Riƙe ni da kyau. Wurin ga da santsi."